Fim ɗin zaure 36 na Shaolin: ingancinsa ne ya ba shi suna, ko tsufa ne kawai?

Abu Safwan, Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka san fim ɗin Chanis na da. Ina magana a kan The 36th Chamber of Shaolin na 1978, wanda a jikin wasu kasa-kasai aka rubuta masa Master Killer. Kullum idan ana lissafin finafinan kunfu sai a sa shi a sama, amma kusan rabinsa babu faɗa, daga ɗaukar ruwa sai buga ƙararrawa. Me ya sa ake fifita shi a kan na Bruce Lee ko Drunken Master? Na biyu, kwafin da ke yawo a filas hotonsa a matse yake, wani lokaci ana jin duka amma ba a ganin wanda aka daka, tarjamar Larabcin kuma tana gudu ta bar magana a baya. Laifin fim ɗin ne ko na kwafin? Na uku, ana so a haska wa yara a istiraha, wato gidan shaƙatawa, lokacin hutu, kuma kun san yara, abin da suka gani shi za su gwada a kan rufin gida. Wane atisaye ne na gaske a ciki, wane ne na fim?

Tsohon Ɗan Kallo, Makka

Wa alaikumus salam Abu Safwan. Wannan rabin da ka ce babu faɗa, ai shi ne fim ɗin. Sauran duk rakiya suka yi masa.

Sai ka fara sanin wanda ya shirya shi. Lau Kar-leung ba darakta ba ne da ya ɗauko masu faɗa haya, shi kansa malamin kunfu ne mai silsila. Mahaifinsa Lau Cham ɗalibin Lam Sai-wing ne, shi kuma Lam Sai-wing ɗalibin Wong Fei-hung ne, mutumin da Jackie Chan ya fito a matsayinsa a Drunken Master. Salonsu Hung Gar ne, na kudancin Sin, mai ƙarfin tsayuwa da ƙarfin damtse. Ektan kuma, Gordon Liu, wanda ya fito a matsayin jarumin fim ɗin mai suna San Te, ba ɗan'uwansa na jini ba ne, ɗan gidansu ne da ya yi karatu a makarantar mahaifinsa har ya ɗauki sunan gidan. To mutumin da ya tashi a haka, abin da ke ransa ba wa ya kashe wa ba ne. Yana so ya nuna maka yadda ake mayar da ɗanyen yaro gwani.

Ka dubi tsarin da idon wanda ya san tsangaya. Yaro ya zo Shaolin, gidan ibadar mabiya Buda da ake koyar da kunfu, shekara guda yana shara babu wanda ya koya masa ko naushi ɗaya. Da aka ba shi zaɓi sai ya ce shi daga zauren ƙoli zai fara. Kolo ne ya ce a ba shi allon gwani. Tsofaffin da ke zaune a can ko tashi ba su yi ba aka watso shi waje, ya dawo ƙasa ya fara daga ba-sin-mim. Daga nan kowane zaure gaɓa ɗaya yake ginawa, kuma a jere suke da dalili.

Na farko, gumagumai a kan ruwa tsakaninsa da ɗakin cin abinci. Ka faɗa ruwa, sai ka bushe kafin ka shiga, kafin nan an suɗe kwano. Wannan ƙafa ce da daidaito, yunwa kuma ita ce bulala. Sai bokitai biyu, hannuwa a miƙe, an ɗaura wuƙaƙe a damtse suna kallon haƙarƙari, hannu ya sauka wuƙa ta gaishe ka. Wannan kafaɗa ce. Sai gora doguwa mai nauyi a bakinta, a buga ƙararrawa da hannu ɗaya daidai da bugun malami, wannan wuyan hannu ne. Sai a sa kansa tsakanin manyan turarukan wuta biyu ya bi hasken kyandir da ido kawai, ya juya kai ya ƙone. Sai buhunan yashi da ake tunkuya. Ka lura har zuwa nan ba a koya masa duka ko ɗaya ba. Sai da jiki ya ginu sannan aka shiga naushi, shuri, takobi da sanda.

Wurin da fim ɗin ya fi nuna wayonsa shi ne karawarsa da malamin da'a, mai gajerun takubba biyu, wanda Lee Hoi-sang ya fito. San Te ya gama zaurukan yana ganin ya isa, malamin ya kayar da shi. Ya sake makami ya dawo, aka sake kayar da shi. Matsalar a fili take: doguwar sanda tana da amfani ne idan abokin karawa yana nesa, da mai gajeren takobi ya kutso cikin jikinka ta zama kaya. Sai ya ga gora ta karye ba ta rabu ba, daga nan ya haɗa sanda mai gaɓa uku. Ta yi nisa idan ya sake ta, ta zama sanduna biyu gajeru idan ya kama gefe da gefe, kuma idan aka tare tsakiyarta bakinta ya lanƙwaso ya sami mutum ta bayan kariya. Wato an ba ka matsala, an nuna maka gazawa sau biyu, sannan aka warware ta da hankali. Finafinai nawa ne suke yi wa mai kallo wannan mutuncin?

Maganar Bruce Lee kuwa, ba layinsu ɗaya ba. Bruce yana shigowa fim ne a gwaninsa, kuma faɗansa duka biyu ne ko uku mutum yana ƙasa, kamar ɗan damben da ke kisa a turmin farko. Na Lau Kar-leung musaya ce, kawo in tare, tare in kawo, motsi goma ko fiye kafin a yanke hoto, kamara tana nesa kana ganin mutum daga ƙafa har kai. Drunken Master kuma, wanda shi ma a 1978 ya fito a hannun Yuen Woo-ping, horon da ke cikinsa azaba ce ta ban dariya. A nan horon shi ne labarin.

Mai Gyaran Talabijin, Riyad

Baba na Makka ya gama da ɓangaren fim. Ni kwafin zan taɓa, domin abin da ya ce na ganin mutum daga ƙafa har kai, da faɗin fili tsakanin masu faɗa, shi ne ainihin abin da mugun kwafi yake cinyewa.

Kamfanin Shaw Brothers ne suka ɗauki fim ɗin a faffaɗan hoto da suke kira Shawscope, faɗi 2.35 a kan tsayi 1. Tsohuwar talabijin kuwa 4 a kan 3 ce, wato 1.33. Da za a sa shi a kaset sai aka datse gefe da gefe don ya cika allo. Ka raba 1.33 da 2.35, abin da ya rage bai kai kashi 57 cikin 100 ba. Sama da kashi 40 na hoton ya tafi. Shi ya sa kake jin duka ba ka ganin wanda aka daka, yana cikin ɓangaren da aka yanke. Kuma mu a nan Mamlaka gidajen sinima a rufe suke tun farkon shekarun 1980 har zuwa 2018, don haka yawancin waɗanda suka san fim ɗin a nan wannan datsattsen suka sani. Kwafi da yawa da ke yawo yanzu daga waɗancan kasa-kasan aka kwafo su.

Gwajin mai sauƙi ne. A talabijin ta yanzu mai 16 a kan 9, kwafi mai kyau dole ya bar baƙin layi sama da ƙasa. In ya cika allon ƙil, an yanke kusan kashi ɗaya cikin huɗu. In baƙin yana dama da hagu, na kaset ne, ka share shi. In kuma mutane sun yi tsawo sun rame kamar sandar rake, hoton matse shi aka yi, wannan yana gyaruwa: a manhajar kallon bidiyo ta VLC ka shiga wurin girman hoto ka zaɓi 2.35:1. Tambarin kamfanin a farkon fim ma yana tona asiri, idan rubutun ya fita daga allo ka san an datse.

Ka nemi wanda aka wanke. Celestial Pictures ne suka sayi taskar finafinan Shaw suka gyara su, kuma kamfanin Arrow sun fitar da shi a faifan Blu-ray cikin kundin Shawscope na biyu tare da sauran biyun da suka biyo bayansa. Tsawonsa wajen minti 115 ne. In ka ga naka ya tsaya wajen 110 ba lallai an cire wani abu ba, gudun PAL ne, wato tsarin talabijin da kaset na da: fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, PAL kuma 25, sai komai ya ƙara sauri da kusan kashi 4, murya ma ta ɗan siranta.

Nan ne kuma ciwon tarjamarka yake. Iri biyu ne, kada ka haɗa su. Idan tazarar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, misali daƙiƙa biyu, maɓallan G da H a VLC suna ja ko tura rubutun, kowane dannawa kashi 50 cikin 1000 na daƙiƙa, J da K kuma na sauti ne. Amma idan ta fara daidai tana ƙara nisa, an yi tarjamar ne a kan kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa, kai kuma naka 23.976 ne, wato kusan 24. Tazarar tana ƙaruwa da kusan daƙiƙa biyu da rabi a kowane minti, kafin tsakiyar fim ta wuce minti biyu. Danna maɓalli ba ya maganin wannan. Sai ka buɗe fayil ɗin a manhajar Subtitle Edit ka canza masa gudun daga 25 zuwa 23.976, ko ka nemi wadda aka yi don kwafinka. In kuma Larabcin ya fito kamar tafiyar kaza, alamomi barkatai, an adana shi da tsarin Windows-1256 ne, ka sake adana shi da UTF-8.

Abu ɗaya kada ka wahalar da kanka a kai: baki da murya ba za su taɓa haɗuwa ɗari bisa ɗari ba. Ba a ɗauki sauti a wurin wasa ba, daga baya aka ɗora murya, har ta Sinancin. Ƙarar naushi da ta riga ma duk a ɗakin sauti aka yi su. Na Turanci yana da daɗin tuna baya amma yana sauya ma'ana a wurare, Sinanci da tarjama ya fi.

Sai talabijin ɗin kanta. Ka kashe abin da ke sulɓe motsi, Samsung suna ce masa Auto Motion Plus, LG TruMotion, Sony Motionflow. Yana ƙirƙiro hotuna a tsakani, idan sanda ta wulga da sauri sai ka ga ta rabu biyu ko ta yi inuwa. Filas kuma in tsarin ajiyarta FAT32 ne ba za ta karɓi fayil da ya wuce giga 4 ba, sai ka mayar da ita exFAT ko NTFS, bayan ka duba wanda talabijin ɗinka take karantawa.

Bakatsine a Madina

Alhaji na Makka, a gafarce ni, amma kun yi wa fim ɗin kirari kun ɓoye ƙafarsa mai ɗingishi. Daga lokacin da San Te ya bar Shaolin fim ɗin gudu yake kamar mai tsoron a rufe masa ƙofa. Ɗaliban da zai tara, su Hung Hsi-kuan da wani mai niƙa, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya ba ka gama sanin wannan ba an wuce wancan. Lo Lieh, wanda ya riƙe fim ɗin King Boxer da kansa a 1972, an ba shi bos, wato janar ɗin Manchu, amma an bar shi a zaune kusan duk fim ɗin, faɗan ƙarshe kuma bai kai na malamin da'a daɗi ba. Bos ɗin gaskiya a cikin gida aka bar shi. Wanda ke neman faɗa zalla daga hannun daraktan nan da ektan nan, The Eight Diagram Pole Fighter na 1984 ya fi zafi nesa ba kusa ba, sai dai ba na yara ba ne, haƙora ake zubarwa.

Kuma kada a ɗauke shi tarihi. 'Yan ƙabilar Manchu sun kama mulkin Sin a 1644, gaskiya ne, aske gaban kai da kitso ɗaya a baya da suka tilasta wa maza shi ma gaskiya ne. Shaolin na lardin Henan yana nan, tun 495 aka gina shi. Amma wanda kake gani a fim ɗin ginin kamfani ne a Clear Water Bay ta Hong Kong, zaurukan 35 kuma labarin baka ne da marubuci Ni Kuang ya yi wa ado. Sandar mai gaɓa uku ma ba San Te ne ya ƙago ta ba, labaran Sinawa suna danganta ta da sarkin da ya kafa daular Song a 960. Mai son ganin ainihin ginin sai ya nemi Shaolin Temple na Jet Li, na 1982, can aka ɗauka.

Tsohon Ɗan Kallo, Makka

Malam Bakatsine, na karɓi rabin maganarka. Ƙarshen gajere ne, babu musu. Amma ka sake kallon faɗan waje ka ƙirga: tunkuyin ka yana nan, saurin ido yana nan, tsayuwar ƙafa tana nan. An biya kuɗin kowane duka tun a zaure, shi ya sa ba a ja shi ba. Kuma burin yaron ba kan janar ba ne, zaure na 36 ne, wato a fitar da ilmin daga bayan katanga a koya wa talaka. Don wannan roƙon aka kore shi. In ka ɗauki janar a matsayin makasudin fim dole ka ga an yi maka rowa.

Kociya, Dammam

Abu Safwan, tambayarka ta uku ta fi sauran muhimmanci tunda yara ne.

Buhun yashi da ka: haram ɗin likita, kada ma a fara. Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take a cikin ƙoƙon kai, duk tunkuyi tana bugun ƙashi daga ciki, kuma ba ta yin kanta kamar tafin hannu. Wuya ma yana iya samun rauni. Yaron da ya bugu a ka ya fara amai, jiri, ko barcin da ba a saba gani ba, asibiti kai tsaye.

Gora da ƙararrawa dabarar gaskiya ce amma lissafinta mugu ne. Nauyi yana ninkuwa da nisa. Kilo 2 a bakin sanda mai mita 3 daidai yake da kilo 20 a nisan santimita 30 daga hannu, ban da nauyin sandar kanta. Wuyan hannun yaro bai gama ƙwari ba, jijiya ce za ta kumbura. In ana so, sandar tsintsiya ba tare da an rataya komai ba, a kama ta a tsakiya, a ɗaga a sauke a hankali sau 10 kowane hannu. In ya yi sauƙi a matsa kamun baya da faɗin tafi ɗaya, ba a ƙara nauyi ba.

Bokitai: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma hannu a miƙe yana jibga wa kafaɗa nauyin duka. Robar ruwa ta rabin lita a kowane hannu ta isa, daƙiƙa 20 zuwa 30, sau uku, hannu kada ya wuce tsayin kafaɗa. Kuskuren da ake yi shi ne ɗage kafaɗu zuwa kunne da banƙare baya idan gajiya ta zo, nan ne za a tsaya. Maganar wuƙa kuwa, ku faɗa musu tun kafin a kunna fim cewa ta wasa ce.

Gumagumai a ruwa, maimakonsu a shimfiɗa katako mai faɗin santimita 10 a ƙasa a yi tafiya a kai, gaba da baya, ido a gaba ba a ƙafa ba. Ba a kan tayil mai santsi ba, ba kusa da bakin rufi ba. Na ido kuwa shi ya fi kowanne sauƙi: babban yatsa a gaba, a bi shi da ido dama da hagu, kai a tsaye, babu buƙatar wuta.

Abin da ya fi duk waɗannan amfani shi ne tsayuwar doki, wadda ita ce gindin Hung Gar. Ƙafafu a buɗe kusan ninki biyu na faɗin kafaɗa, yatsu suna kallon gaba, a sauka kamar za a zauna a kujera, baya a miƙe, diddige a ƙasa. Gwiwa ta bi layin yatsun ƙafa. In ta faɗa ciki, ko diddige ya ɗaga, an sauka fiye da ƙarfi, a ɗan taso. A fara da daƙiƙa 20, a riƙa ƙara 5 ko 10 duk mako. Zafi a cinya daidai ne, zafi a cikin gwiwa alamar tsayawa ce. Kuma da zafin ƙasar nan, a bari sai bayan la'asar sosai ko bayan magariba, ruwa a kusa.

Sanda mai gaɓa uku kada a haɗa musu ta katako da sarƙa. Idan bakinta ya bugi abu dawowa yake yi, kuma ƙeya da gaɓoɓin yatsu yake nema. Akwai ta soso don masu koyo.

Ummu Rayyan, Jidda

Abban Safwan, ƙari kan na Kociya. Minti ashirin da wani abu na farko akwai gawar ɗan tawaye da aka rataye a bainar jama'a, da azabtarwa, da kashe iyali. Jinin ja ne wur kamar fenti, babba zai gane, ƙaramin yaro ba zai gane ba. 'Yan ƙasa da shekara goma a fara musu daga isarsa Shaolin, a ba su labarin farkon da baki. Sannan wurin gidan ibadar mabiya Buda ne, akwai gumaka da rusuna musu, gara babba ya yi bayani tun kafin su tambaya.

Abu Safwan, Jidda

Jazakumullahu khairan. An duba, baƙin layin dama da hagu yake, ashe na kaset ne. Injiniya, sauran biyun da ka ce suna cikin kundin, ci gaban labarin ne, sai an bi su a jere?

Mai Gyaran Talabijin, Riyad

A'a, ba sai a jere ba. Return to the 36th Chamber na 1980 Gordon Liu ne dai, amma ba San Te ya fito ba. Ɗan damfara ne da ya yi shigar San Te don ya tsorata masu gidan rini da suka zaftare wa ma'aikata albashi, asirinsa ya tonu, ya tafi Shaolin neman na gaske, aka sa shi ɗaure gorar gini yana leƙen masu atisaye, daga ɗaurin ya samo salonsa. Barkwanci ya fi yawa, jini kaɗan ne, ga yara ma ya fi na farkon sauƙi. Disciples of the 36th Chamber na 1985 ya dawo a San Te, amma labarin na Fong Sai-yuk ne, kuma shi ne mafi rauni a ukun. Su ma ka yi musu gwajin baƙin layin kafin ka ɗora a filas.